Mai Nauyin Baki Cikin Taron Jama'a

Karatu: Fitowa 4:10-16

Cikin ikkilisiyoyinmu na Nasarawa Gwom akwai waɗanda sukan zauna can baya, su fice tun ba a sa albarka ba. Mukan ce girmankai ne, ko kuwa kunya. Amma kunya ado ce, ba ta hana mutum zumunta. Wannan tsoro ne. Idan aka ce ya yi addu'a a gaban jama'a, sai gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, muryarsa ta yi rawa, gama yana jin dukan idanu suna auna shi. Likitoci sun san ciwon nan, yakan kuwa soma tun ƙuruciya.

Musa ma ya kawo hujjar nauyin baki. Ubangiji ya husata da ƙin tafiyarsa, duk da haka bai sallame shi ba, ya haɗa shi da Haruna. Mu lura, shi ne fa ya yi wa dukan Isra'ila jawabi cikin Kubawar Shari'a.

Yau ma akwai mataimaka, wato masu warkarwa ta wurin zance, kamar a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Sukan sa mai ciwon ya gwada tunaninsa, ko lalle dariya ake yi masa. Sa'an nan su bi da shi kaɗan kaɗan: yau ya gai da mutum ɗaya, gobe ya karanta aya gaban mutum uku, domin gudun jama'a ƙara tsoron yake yi. Zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya ba ne.

Tambaya: Wa zai zauna kusa da irin wannan ɗan'uwa ran Lahadi, ba tare da tilasta masa magana ba?