Kukun Gidan Sharma da 'Yan Aikin Gidajenmu

Duk wanda ya riski zamanin da ake cika Plaza da Marhaba a Kano don kallon finafinan Indiya ya san Rajesh Khanna. A 1972 Hrishikesh Mukherjee ya ba shi rawar Raghu a fim ɗin barkwanci mai suna Bawarchi, kukun da ya kai kansa gidan Sharma, inda mai aiki ba ya daɗewa saboda masifar mutanen gidan. Tsohon gidan ya ɗaure akwatin gwalagwalai da sarƙa, 'ya'yansa kowa na hararar kowa, matansu kuwa sun jibge wa Krishna, marainiyar gidan, duk wata wahala. Da girki mai daɗi da tattausan lafazi Raghu ya ɗinke su. Amma ranar da akwatin ya ɓata, shi aka fara zargi.

Mun sha dariya, 'yan'uwa, alhali laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Sharma.

A da, yarinyar da aka kawo aiki a kwano ɗaya take ci da 'ya'yan gida. Uwar gida ta yi mata kitso, ta tura ta makarantar allo, ranar aurenta ta fitar da kwalla da tasa cikin nata kayan. Ɗa na kowa ne, haka iyayenmu suka ɗauka. Yau dillaliya ke kawo mana ita daga ƙauye, ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, kuɗin aikinta ma a hannun dillaliyar yake ƙarewa. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta ɗauki jakar makarantar sa'arta zuwa bakin mota, ta tsaya har motar ta sha kwana, ta dawo ta durƙusa gaban wanke-wanke. Abincinta ƙanzo, makwancinta tabarma a kicin. Cokali ya ɓata, an san wa za a tuhuma.

Abin da ya fi ciwo, yaranmu na kallo. Yaron da ya ji uwarsa na ce wa 'yar aikin "ke" da tsawa, ya ga ubansa ya kau da kai (mu maza mun ƙware a wannan), wa zai hana shi ɗaga mata hannu? Har a wasannin barkwancinmu, ƙauyancinta muke yi wa dariya, alhali a Bawarchi masu gidan ne abin dariya.

Mai gida, Islamiyyar unguwarku taku nawa ce daga ƙofarka? Kuɗin watan bai kai na katin wayarka ba. Ka kai yarinyar da kanka, in malam ya tambayi sunan mahaifinta, ya zamana ka sani.