Lambun aro: wa zai dasa itace?

Kai mai karatu, ka san kwarurrukan ƙasar Gure, irin na Kilakina. Da an gama girbin hatsi, sanyi ya shigo a watan Nuwamba, sai mutane su gangara lambu. Ruwa na kusa, rijiya ba ta zurfi. Ana shuka albasa, tumatir da kabeji a gindin dabino da goruba. Tun yunwar 1984, zamanin Seyni Kunce, noman rani ya ƙara ƙarfi a Nijar.

To, ga tambaya. Mutum ya ari fili a kwari. Iskar hunturu tana turo rairayi daga tudu, yana cin gefen lambun. Maganin ka san shi: a kafa shinge a kan tudun, in damina ta zo a dasa itatuwa. Amma mai fili ya hana. Yana tsoro, don a al'adarmu wanda ya dasa itace, gobe ɗansa zai ce wurin nasu ne. Mai aro kuma ya ce don me zai sha wahala kan filin da za a karɓe baɗi?

Kowa da hujjarsa. Ni dai na fi ganin laifin mai fili. Mai aro zai nemi wani wuri, shi ko gādon ƴaƴansa ne rairayi ke binnewa.

Dokar ƙauye ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, masu rubuta takardar aro. A ciki sai ku rubuta fili na wane ne, itace na wa, shekara nawa. Kai da ka koyi karatu, karanta ta da kanka kafin ka sa hannu.