Hasken Leza da Ƙurajen Fuska: Uƙuba ce ko Sababi?

Tun da labarin na'urar leza ya iso Gombe, har 'yan matan da iyayensu suka wadatu da dilka da halawa suka fara tambayar kuɗinta, sai aka sami masu cewa duk wadda ƙuraje suka feso mata bayan an haska mata fuska, uƙuba ce aka gaggauta mata domin ta canza halittar Allah. Wannan magana tana da nauyi ƙwarai, kuma ban ga hujjar da ta halatta wa bawa ya yanke hukunci a kan gaibu ba, alhali sababin abin sananne ne ga likitocin fata.

Haƙiƙa leza tana iya tayar da ƙuraje. Haskenta zafi ne da ake aunawa, wanda yakan ratsa fata ya kumbura ƙofofin gashi. Sa'an nan mai mai kauri irin basilin, da ake shafawa domin wurin ya warke, yakan toshe su, balle a zafin Maris da Afrilu, sa'ad da gumi ke cakuɗuwa da ƙura a fuska. Baƙar fata kuwa, da yake launinta yana shan hasken, takan yi tabo mai duhu in aka kuskure awo.

Fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin gusar da aibi da neman ƙarin ƙawa, kuma daga hujjojinsu akwai ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya. Abin lura a nan shi ne, maganin farko ya ɓaci, amma ba a kira ɓacinsa azaba ba, sauya masa aka yi da wanda ya fi dacewa da jikinsa.

Inda ya kamata a tsananta bincike shi ne hannun da ke riƙe da na'urar, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa lamuni yana kan mai yin magani ba da sani ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta sharɗanta ƙwarewar likita da sanar da majinyaci illolin aikin. Amaryar da aka karɓi kuɗinta ana saura mako biyu ɗaurin aure, ba tare da an ambata mata ƙuraje ko tabo ba, ita aka zalunta, kuma tana da haƙƙin a biya mata kuɗin jinya.