Wadda Ta Girka Murhun Farko a Tunga

Duk wanda ya bi hanya daga Anka zuwa Bukkuyum, ya ratsa Zugu ya miƙe Gummi, zai gaji da jin kalmar tunga. Tungar wane, tungar wane. Kusan kowacce da sunan namiji ake kiranta, mutumin da ya saɓa gatari ya shiga daji ya yi sassabe. Ban ƙi a ba shi haƙƙinsa ba. Amma sassabe gona yake haifarwa. Wuri ba ya zama gari sai ran da mace ta sauke kaya daga kan jaki, ta ɗauko duwatsu uku ta girka murhu, hayaƙi ya tashi inda a da sai kukan kura.

Kakata tana cikin irin waɗannan mata, daga bakinta na ji yadda ake fara tunga. Bukka ɗaya, dannin kara, randa babu ko ɗigo. Ba rijiya tukuna, sai ta naɗa gammo ta ɗauki tulu zuwa gulbi, goyo a baya. Shekarar farko rumbu fanko ne, saboda haka daji ne kasuwarta: kuka da rama da tafasa, kaɗanya ta yi man kaɗe, ɗorawa ta dafa kalwa ta yi daddawa. Haihuwarta ta fari a can, ba ungozoma, ba uwa kusa. Matar maƙwabci ɗaya tilo ce ta yanke cibi, ta dafa mata ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa. Shekara ta kewayo ita ma ta rama mata. Da haka mata biyu suka zama dangi, 'ya'yansu suka auri juna, tunga ta yi liman, ta yi kasuwa. Maigida yana gandu, ita tana da 'yar gayaunarta ta gyaɗa da kuɓewa, kuma da kuɗin ƙuli-ƙulin gyaɗar nan aka sayi akuyar farko ta gidan. Na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce, "Ɗiyata, tsoro kam akwai shi, amma tuwon dare ba ya jiran tsoro ya wuce."

Iyayena mata na ƙasar Zamfara, ku nake wa wannan magana, don jinin waɗancan ne a jikinku, kuma zamani ya sake ɗora muku kayansu.

Kun riga kun nuna wannan jini. A 2010, gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta shiga gidajen Dareta da Abare da Tungar Daji da 'Yargalma, ta kashe yara sama da 400. A tsakar gida ake daka dutsen, wani lokaci a turmin da ake surfe, ba wanda ya san ƙurar ajali ce. Da aka gane, uwaye ne suka goya 'ya'yansu zuwa wuraren jinya da likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe a Anka da Bukkuyum, suka yi makonni a gefen gado. Suka bari aka kankare ƙasar tsakar gidajensu aka zuba sabuwa. Bagega, da gubar ta shafa ita ma, ta jira har 2013 kafin a share tata ƙasar. Matan nan suka koma gida, suka hura wuta, suka ci gaba da reno.

Yau 'yan bindiga ne suka watsa tungaye. Mata sun baro rumbu cike da gero, sun shigo Anka da tabarma da tukunya ɗaya, wasu suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba. A watan Agusta na 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Ba na so in shafa wa wannan zuma. Zalunci ne da asara, kuma tsaron rayukanku bashi ne a wuyan hukuma, kada ku gaji da nemansa da babbar murya. Amma kada wani ya kira ki 'yar gudun hijira har ki manta ko ke wace ce. Ke ce mai sanin yadda mudu ɗaya na gyaɗa ke zama mai da ƙuli, ƙuli ya zama kuɗin adashi, adashi ya zama akuya. Wannan sani bai ƙone da bukkarki ba.

Inna, sannu da aiki. Yaya mai surfen ƙwadago, mai tuyar ƙosai a bakin tasha, mai ɗibar ruwa a sansani, sannunku. Ku haɗa kai biyar-biyar, goma-goma, ku yi zubi ko na naira ɗari ne. Wadda ta iya daddawa ta koya wa wadda ta iya saƙar tabarma. Ku tura 'yan mata makaranta ko da tallan yamma za a rage, don ungozomar da kakata ta rasa a daji, cikinsu za ta fito da takardar shaida. Irin gero da na dawa da kuka ƙullo a bakin zane, ku adana shi inda ɓera ba zai kai ba. Gulbin Ka yana nan, fadamar Gummi tana nan, kuma da an yi ruwan shuka za a nemi iri a hannunku.