Fanɗarewa da Hanyar Komowa

A bakin wani makiyayi na fara jin wannan kalma, ina yaro, a bayan garinmu da damina. Tumaki suna tafe a burtali, gonakin gero dama da hagu, sai wata tunkiya ta ja baya, ta kai baki ga ganyen wake a bakin gona, ta ƙara taku biyu, ta shige. "Ta fanɗare," in ji shi. Bai jefe ta ba. Hoge ya ɗauka ya wurga gabanta, ƙura ta tashi, ta firgita ta juyo cikin 'yan'uwanta.

Bahaushe yana da kalmomi da dama na barin hanya, kuma kowace da nata nauyi. Wanda ya ɓata bai san hanyar ba, tambaya kawai yake bukata. Wanda ya kangare ya bushe ne kamar icce, ya ƙi tanƙwaruwa. Shi kuwa fanɗararre ya san hanya sarai, ya taka ta tare da jama'a, sannan wani abu a gefe ya ja masa rai ya bi.

Sauran harsuna ma hoton nan suka ɗauka. Malamanmu kan ce inhirafi, kalmar Larabci da ta fito daga saiwa ɗaya da "harafi" da muke karantawa a allo, saiwar da asalin ma'anarta gefe ne ko bakin abu. Kalmar da ake amfani da ita a Ingilishi da Faransanci kuma daga Latin take, inda "via" ke nufin hanya, aka ɗora mata ɗafin da ke nuna rabuwa. Duk inda ka juya, hanya ce da gefenta.

Muguntar fanɗarewa ita ce ba ta zuwa da ganga. Yaro ya fara makarar sallar asuba, ya tsallake Islamiyya yau, gobe ya kai sha biyun dare a majalisar da iyayensa ba su san ta ba. Na ga haka a unguwarmu. Yaron da ke riƙe wa tsofaffi buta a ƙofar masallaci, cikin shekara biyu ya koma zaman kango, ido ja, magana na jan ƙafa, kwalaben maganin tari a bayan katanga. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma doka kwalba take iya hanawa. Takun farko da ya kai yaro ga kwalbar, a gida da unguwa ake tare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Laifin fanɗararre nasa ne, domin yana ji yana gani ya zaɓa. Sai dai mu ma da namu. Mun mai da kalmar tambari. Da zarar an ce "wane ai fanɗararre ne", an gama da shi: ba a amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ba a ba shi aiki, ba a ba shi aure. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Howard Becker, ya nuna a 1963 cewa sunan da jama'a suka laƙaba wa mutum yakan ƙara tura shi cikin halin da aka kira shi da shi. Kakanninmu sun riga shi gane haka da suka ce ɗa na kowa ne.

Kuma a yi hattara, ba duk wanda ya rabu da taro ne ya fanɗare ba. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma a idon fadar Gobir ta Sarki Yunfa shi ne ya fita daga layi. Idan garke duka ya afka gonar mutane, wadda ta tsaya a burtali ita ce a kan hanya. Gaskiya ce ma'auni, yawa ba ya zama hujja.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai furta kalmar nan ya furta ta irin ta makiyayin can. Shi da ya ce "ta fanɗare", ƙafarsa ta riga ta ɗaga. Yaron unguwarmu wani kafinta ne ya yi masa haka. Kullum da safe sai ya je kangon ya taso shi, ya miƙa masa zarto, yau ya zo gobe ya gudu, bai gaji ba har yaron ya zauna. Yanzu shi ke buɗe shagon.