Me Ya Sa Annabawa Suka Kira Bautar Gumaka Zina?

Sa'ad da muka karanta littafin annabi Yusha'u, sura 1 zuwa 3, wata tambaya takan tare mu. Bautar gumaka zunubi ce, babu shakka. Amma me ya sa annabin bai kira ta jahilci ko tawaye kaɗai ba, sai ya ce zina ce?

Amsar tana cikin irin laifin. Mutanen Isra'ila ba su taɓa cewa sun rabu da Ubangiji ba. A zamanin Yusha'u, watau ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, cikin kwanakin sarki Yerobowam na biyu, ana miƙa hadayu a Betel, ana kuwa kiyaye Asabar da idodi. Abin da suka yi ƙari ne. Ƙasar Kan'ana ba kamar Masar take ba, inda Kogin Nilu yake shayar da gonaki. Ita da ruwan sama ta dogara, in kuwa ya makara, yunwa ce. Kan'aniyawa sun ce Ba'al ne mai hadari da ruwa. Sai manomin Isra'ila ya ce a ransa: Ubangiji ya fisshe mu daga bauta, ya bi da mu cikin jeji, amma batun damina, bari mu ɗan gai da allahn ƙasar.

Harshen kansa ya sauƙaƙa ruɗin. A Ibraniyanci ma'anar ba'al ita ce mai abu, ko maigida, har mijin mace akan kira shi haka. Mutum yakan iya furta kalmar bai tantance wa yake kira ba. A shekara ta 1910 masu tone-tone sun sami tsingaro masu rubutu a kangon Samariya, ga sunayen mutane a kansu, waɗansu an haɗa da sunan Ubangiji, waɗansu da na Ba'al, dukansu talakawan masarauta ɗaya. Shi ya sa Yusha'u ya yi ɗokin ranar da Isra'ila za ta daina kiran Allah da wannan suna.

To, wani zai ce, ina laifin mai iyali in ya riƙe ƙofa biyu domin kada 'ya'yansa su kwana da yunwa? Kada mu yi gaggawar raina shi, gama tsoronsa na gaske ne. Ɗan kasuwa yana iya ciniki da mutum goma bai ci amanar kowa ba. Aure kuwa ba haka yake ba. Matar da ke zaune a ɗakinta, tana yi wa mijinta girki, tana karɓar kyautar wani a ɓoye don ko wata rana, ta riga ta yanke hukunci cewa mijin ba abin dogara ba ne. Abin da ya fi yi wa annabin zafi shi ne, hatsi da ruwan inabi da mai da Isra'ila ta gode wa Ba'al dominsu, daga hannun Ubangiji suka fito. Sarakuna ma haka suka yi, yau su aika Masar, gobe Assuriya, har ya kwatanta su da kurciya marar wayo.

Mu lura kuwa, kada wani ya ɗauki wannan misali ya mai da shi bulala a kan mata. Waɗanda aka fi tsauta wa maza ne, sarakuna da firistoci. A sura 4 ma Ubangiji ya ƙi ɗora wa 'yan mata hukunci, da yake mazan su ne suka fara.

Assuriya da suka nemi taimakonta ita ce ta ci Samariya wajen shekara ta 722 kafin Almasihu, ta kwashe mutanen. Tun kafin wannan, an umarci Yusha'u ya koma ya ƙaunaci matar da ta ci amana. Ya fanso ta da azurfa 15 da sha'ir, ya ce ta zauna kwanaki da yawa ba ta zama ta wani ba, shi ma zai jira ta.