Shin Matattu Suna Bin Mai Barkwanci Bashin Gaskiya?

A 1965 Faransawa biyu, Goscinny da Uderzo, suka fitar da littafin zanen barkwanci mai suna Asterix da Kilyobatira. A ciki ƙaton nan Obelix ya hau gunkin Abul Haul, ya ɓalle masa hanci. Ƙarya ce, amma ban ga laifinta ba, domin ko yaro ya san wasa ne.

Ƙaryar da ta dame ni ita ce wadda ba a yi wa dariya. Sarauniya ta yi alkawarin gina wa Kaisar fada cikin wata 3, amma magininta ya rasa yadda zai yi, sai da ya ɗauko boka da tsuminsa daga Gaul, wato Faransa ta yau. Jikokin waɗanda suka gina dalar Giza shekara wajen 2,500 kafin nan ke nan fa! Leburori kuwa bulala ce ke tuƙa su.

Wani zai ce ai matacce ba ya jin zafi. To, amma ba ya iya mayar da martani, kuma yara da dama a hoto suke fara ganin Masar, kafin su je aji. A 1990 an gano kaburburan maginan dala kusa da dalar kanta, an binne su da mutunci. A Deir el-Medina, shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na 3, ma'aikata sun ajiye aiki don hatsin albashinsu ya makara. Littafin ma ya kawo yajin aiki, sai dai abokin gabar magini ne ya zuga su, kuma abin da suka nema shi ne a rage bulala.